Daɓen Gidan Alhaji Hambali

Ƙafa ce ta kawo Sada Birnin Kudu. Gatari ya kuɓuce masa yana saran kututture a gonarsa ta Dingaya, ya tsaga masa ƙwauri. An sa saiwa, an sa toka, ciwon ya ƙi kamewa. Da ya fara ruwa yana wari, sai matarsa Mairama ta ƙulle masa 'yan kayansa a zane, ta rako shi har Gwaram, ta sa shi a mota. Ta ce kada ya tsaya ko'ina sai gidan ƙaninsa, shi zai kai shi asibiti.

Ƙanin nasa, Alhaji Hambali, ɗan kwangila ne. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka fara zuba, ana ta raba aikin kwalbati da azuzuwan makaranta, shi kuwa ya iya shiga ofis ya iya fita. Ya gina gida a bakin gari, a bayan gidan ya sa aka haƙa masa wurin wanka irin wanda ya gani a wani otal a Ikko, aka zagaye shi da daɓen siminti mai faɗi. Mutanen gari kududdufin Alhaji suke ce masa. Duk gidan ba wanda ya iya iyo. Motar ruwa ce ke zuwa ta cika shi, in baƙi sun zo a jera musu kujeru a kan daɓen, su sha lemo suna kallon ruwa.

Alhaji ya karɓi wansa hannu biyu. Ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya sunkuya da kansa ya ɗaga tsumman da ke ɗaure a ƙafar, ya yi saurin kau da fuska.

"Subhanallahi. Yaya, har ka bari ya kai haka?"

"Ƙaddara ce, Alhaji. Na ga asibitin ma a hanya da muna shigowa. In ka sa aka nuna mini ƙofar, gobe sai in je."

"Asibitin nan?" Alhaji ya miƙe yana goge hannu. "Ka je ka zauna a ƙasa ka bi layi, masu wucewa su ce ga wan Alhaji Hambali can? Ba da ni ba. Kano zan kai ka, wurin babban likita. Ranar Litinin in Allah ya kai mu."

Sada ya yi godiya har da ƙwalla. Aka sauke shi a ɗakin da ke jikin ƙofar gida, inda ake ajiye buhunan siminti, aka ture su gefe aka shimfiɗa masa tabarma.

Ranar Litinin tun da safe ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a bakin ƙofa. Sai da rana ta take sannan maigadi ya gaya masa ai Alhaji ya wuce Kano tun bayan sallar asuba, an kira shi ofis. Da Alhaji ya dawo ya ce abin gaggawa ne, ba yadda za a yi ya ja mara lafiya yana yawo da shi daga ofis zuwa ofis. Litinin mai zuwa. Litinin ɗin ta zo, mota tana wurin bakanike. Wadda ta biyo ta, an ce likitan ya yi tafiya.

A cikin wannan jiran ne wata yamma Alhaji ya kama hannun Sada ya kai shi wajen kududdufin. Ya tsaya a kan daɓen ya nuna masa ƙasa da tsinin takalmi.

Daɓen ba a dunƙule aka zuba shi ba, falle-falle ne. Maginin da ya yi shi ya bar 'yar rata tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa ya cika da kwalta, don siminti yakan buɗe in rana ta gasa shi, ya tsuke in ya huce, kwalta kuwa tana bin sa. To, kwaltar ta tsufa ta bushe ta farfashe. Ruwa yana bi ta tsagogin yana shiga ƙarƙashi, ciyawa ta fara leƙowa, tururuwa sun yi gida, bakin wasu fallayen har ya fara guntulewa.

"Ka ga abin da ke hana ni barci," in ji Alhaji. "Manyan mutane za su zo mini daga Kano, masu ba da aiki. Su ga wannan a gidana, wa zai ba ni ginin makaranta? Yaya, zaman nan ma ai yana ƙara maka ciwo. Ka ɗan riƙa motsa jiki kafin mu tafi. A ƙwaƙule tsohuwar kwaltar nan, a cike da siminti, shi ke nan."

"Ni ban taɓa riƙe cokalin gini ba, Alhaji. Ba ga maginanka ba?"

"Duk suna bakin aiki. In na janye mutum ɗaya kwangila ta tsaya. Kuma ai ba gini ba ne, cike ne kawai. Kamar yaɓen rumbu."

Sada ya dubi daɓen, ya dubi ƙafarsa. Yana cin tuwon mutum, yana kwana a ɗakinsa, yana jiran ya kai shi Kano. Ya ce, "To."

Aka kawo masa guduma da cizal da cokali da baro. Aikin na durƙuso ne daga farkonsa har ƙarshe. Sai ya durƙusa a kan gwiwar lafiyayyar ƙafar, ya miƙe mai ciwon a gefe, ya bi tsaga yana dukan cizal, yana tsince baƙar kwalta da yatsu. In ya gama layi ya share, ya ja jiki ya je ya kwaɓa siminti da yashi, ya turo baro yana ɗingishi, ya sake durƙusawa ya cusa kwaɓin da cokali ya shafe. Bazara ce. Kafin hantsi ya ɗaga daɓen ya yi zafin da ko kaza ba ta takawa, ruwan da ke gefensa yana mayar masa da hasken rana a ido. Siminti ya cinye masa fatar yatsu, suka tsattsage har ba ya iya damƙar loma sai da dabara. Ruwan kwaɓin kuma yana fantsama a tsumman ƙafar ya jiƙa shi, ya ratsa har cikin ciwon, ya riƙa ci kamar an zuba barkono.

Ya gama gefen gabas ya koma na kudu. Kafin ya kai ƙarshen kudu, na gabas ya tsage. Siririyar tsaga ce ta bi tsakiyar duk inda ya cike, wani wurin ma simintin ya ɓalle ya taso. Alhaji ya zo ya gani, ya taka da takalmi, ya girgiza kai.

"Ruwa ya yi yawa a kwaɓin. Ka rage ruwa, ka sake."

Sada ya farfasa ya sake, ya rage ruwa. Ya sake tsagewa. Aka ce yashi ne ya yi yawa. Ya ƙara siminti. Aka ce don bai yayyafa masa ruwa da yamma ba ne. Ya riƙa jan bokiti yana yayyafawa. Ba laifin kwaɓi ba ne. Wurin da aka bari don daɓe ya motsa, duk abin da aka cusa mai tauri sai ya fashe. Alhaji ɗan kwangila ne, ya fi kowa sanin haka. Amma kwalta sai an aika Kano, sai an kawo mai dafa ta, siminti kuwa ga shi jibge a ɗaki, ga kuma mai cikewa a gida.

Matar gidan, Hajiya Kubra, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Kullum da safe takan tsaya daga nesa ta gaishe shi, "Yaya, an tashi lafiya? Yaya ƙafar?" Amma da warin ya ƙaru sai ta sa aka ware masa kwano da kofi, aka daina kai masa abinci zaure, a ajiye masa a bakin ɗakin siminti. Ta kuma ce tun da yana wurin, ya riƙa kwashe ganyen da iska ke zubawa a ruwan.

Wata rana ta fito shanya, ya daure ya yi mata magana.

"Hajiya, ki ɗan tuna wa Alhaji maganar Kano. Ƙafar nan ta fara hana ni runtsawa."

Ta gyara mayafi. "Wallahi yana sane, Yaya. Abubuwa ne suka yi masa yawa. Ni kuma ka san maganar 'yan'uwa ce, in na sa baki sai a ce na shiga tsakani."

Ta shiga ta aiko masa da ƙwayar ciwon kai da wani magani mai launin shuɗi a 'yar kwalba. Ya shafa. Ƙafar ta yi shuɗi, ciwon yana nan yana ci a ƙarƙashi.

Kumburin ya tashi daga ƙwauri ya doshi gwiwa. Ran nan da safe Sada ya ga Alhaji ya fita, sai ya ajiye cokali, ya wanke hannu, ya samu sanda ya dogara ya fice. Asibitin ba shi da nisa ga mai lafiya. Shi kuwa in ya ɗan taka sai ya jingina da bango ya huta. Ya kai wajen masu sayar da rake ke nan sai ga motar Alhaji ta dawo. Ta wuce, ta tsaya, ta yi baya.

"Ina za ka, Yaya?"

"Na ce ko in je su ɗan wanke mini ne, kafin mu tafi Kanon."

Alhaji ya fito ya dubi masu rake, ya dubi mutanen da ke zaune a gindin bishiya, ya rage murya. "So kake ka tozarta ni a garin nan? Da sanda, da tsumma, da siminti a jikinka? Me na rage ka da shi? Abinci ne babu, ko wurin kwana? Na ce Kano zan kai ka. Ko kana ganin ƙarya nake?"

"A'a, Alhaji. Ban ce ba."

"To shiga mu koma."

Ya shiga. Da suka isa gida Alhaji ya kira maigadi gefe ya yi masa magana, daga ranar in Sada ya doshi ƙofa sai maigadi ya miƙe ya ce, cikin jin kunya, "Baba, ka yi haƙuri, kada ka ja mini."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sada yana durƙushe a kan daɓe yakan ɗaga kai ya dube shi, ya san mutanen Dingaya sun gama sharar gona, sun fito da iri. Tasa gonar kututturen ma yana nan inda ya bar shi. Da aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, sai ya tari Alhaji bayan sallar la'asar.

"Alhaji, in Kanon ba ta samu ba, ka sallame ni in koma. An yi ruwan shuka. Mairama ita kaɗai ce."

"Ka koma da ƙafa a haka? Mutanen Dingaya su ce ka zo wurina na koro ka ba magani?" Ya dafa masa kafaɗa. "Baƙin nan sun kusa. Da sun zo sun tafi, wallahi ni da kai sai Kano. Gero kuwa, nawa za ka noma? Ni zan aika muku da buhuna. Kai dai ka ƙarasa mini gefen yamma."

Asibiti abin kunya ne, komawa gida abin kunya ne. Durƙuso a rana kaɗai ne ba abin kunya ba, don katanga ta kare, ba mai gani.

Zazzaɓi ya shiga. Yakan kama shi da hantsi, ya riƙa rawar sanyi a kan daɓen da ke ƙona tafin hannu. Yatsun ƙafar suka yi baƙi, ya daina jin su. Ya daina iya tura baro, sai ya riƙa kwaɓa kaɗan a kwano yana jan sa a ƙasa, shi ma yana jan gindi. Abincin da ake ajiye masa yakan wuni a rufe. Hajiya ta lura, ta ce wa mai aikinta a riƙa rage masa tun da ba ya ci, kada a yi ta zubarwa.

Mairama ta gaji da jiran saƙo. Ta shuka abin da ta iya ita kaɗai, ranar kasuwar Gwaram ta biyo motar 'yan kasuwa. Ta iso gidan da azahar, maigadi ya nuna mata wajen kududdufin.

Ta same shi kwance a gefen ruwan, ya ja jiki zuwa 'yar inuwar katanga, cokali a hannunsa, kwaɓin ya daskare a kwano. Ƙudaje sun rufe tsumman. Ta tsuguna ta kwance shi a hankali. Ta daɗe tana kallon abin da ta gani.

"Malam," ta ce, "wannan ne asibitin?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Saura kaɗan in gama. Ya ce da baƙi sun tafi."

Ta miƙe ta shiga cikin gida ko sallama ba ta yi ba. Hajiya Kubra tana zaune a ƙarƙashin fanka.

"A'a, Yaya Mairama, saukar yaushe? Ku kawo mata ruwa."

"Ba ruwa na zo sha ba. Ga mota can a tsaye, ga direba. Ki ce ya kai shi asibiti yanzu."

"Alhaji ba ya nan, ya tafi duba aiki da ɗayar motar. Direba ba ya tayar da wannan sai da izininsa. Ki zauna ki huta, yanzu zai dawo."

"Kin ga ƙafar?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. "Ni ban duba ba. Ai bai kamata in buɗe ƙafar wan mijina ba."

Mairama ta juya. Ta je ta kifar da ragowar yashin da ke cikin baro, ta shimfiɗa mayafinta a ciki, ta kira maigadi ta ce ya kama mata. Ya dubi ƙofar cikin gida, sannan ya zo ya kama. Suka ɗora Sada, ƙafafunsa suna reto. Ita ta riƙe hannun baron da kanta. Haka ta tura shi ta tsakiyar Birnin Kudu da rana tsaka, ta gaban masu rake, ta gaban masallaci ana fitowa daga salla. Wanda duk ya tambaya sai ta ce, ba tare da ta tsaya ba, "Wan Alhaji Hambali ne."

A asibiti ba su bar shi ya bi layi ba. Likita ya duba, ya tambaya tun yaushe, ya tambaya daga wane ƙauye mai nisa aka kawo shi. Da Mairama ta ce daga nan cikin gari, sai ya dube ta, ya sa aka ba Sada gado. Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ma'aikaciyar da ke wanke masa ta ce da a farkon zuwansa ne, wanki da allura sun isa.

Alhaji ya zo dubiya da gwangwanayen madara da kwalin sukari, da mutum biyu a bayansa. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun wansa, hannun da siminti ya cinye.

"Yaya, kai ma da zurfin ciki. Me ya sa ba ka gaya mini abin ya kai haka ba? Kullum in na tambaye ka sai ka ce da sauƙi."

Sada ya dubi rufin ɗaki. "Haka Allah ya so."

"Haka ne. Ba mai tsallake abin da aka rubuta masa." Ya juya wajen Mairama, ya rage murya. "Ke kuma abin da kika yi bai dace ba. A baro? Da kin jira ni kaɗan, da a mota za a kawo shi. Yanzu duk gari maganar ake."

Mairama tana fifita wa mijinta, ba ta daina ba. Tun Hambali yana yaro take zuba masa tuwo, ba ta iya ce masa Alhaji ba.

"Hambali, ya jira ka tun kafin hadari ya haɗu. Ni ban iya ba."

Mutanen da suka rako shi suka dubi ƙasa. Alhaji ya miƙe ya ce yana da baƙi a hanya, Allah ya ƙara sauƙi.

Baƙin kuwa sun zo, kuma sun sami daɓe lafiya lau. Kwana kaɗan kafin zuwansu aka ɗauko magini daga Kano da gangar kwalta a bayan mota. Ya sa aka fasa duk simintin da Sada ya cusa, daga gabas har yamma, aka kwashe aka zubar a bayan katanga. Ya dafa kwalta ya ɗura, bai ko kwana biyu a gidan ba. Ashe mota tana iya zuwa Kano ta dawo. Ashe ana iya samun mai aiki ba tare da kwangila ta tsaya ba. An jera kujeru, an sha lemo, an yaba gida, Alhaji ya sami aikin makarantarsa.

Da aka sallami Sada gero ya kai gwiwa a gonakin mutane. Alhaji ya ba da mota a mayar da su, ya sa buhun gero guda a baya. A Gwaram direba ya tsaya a bakin kasuwa ya ce iyakarsa ke nan, Alhaji ya ce hanyar Dingaya da damina tana ɓata mota. Ya sauke buhun, ya sauke Sada ya jingina shi da buhun, ya juya.

Mairama ta tafi neman mai amalanke. Kafin ta dawo mutane sun kewaye shi, 'yan Dingaya da na Kwandiko da suka zo cin kasuwa. Suna yi masa jaje, suna kallon ƙurar motar, suna taɓa buhun.

"Ka ga ɗan'uwa na gari," in ji wani dattijo. "Ya riƙe ka a gidansa duk tsawon nan, ya yi maka magani, ga mota, ga hatsi. Wasu in sun samu ba sa waiwayar nasu. Allah ya saka wa Alhaji da alheri."

Jama'a suka ce amin. Suka dubi Sada suna jira. Leɓensa ya motsa, ya ce amin shi ma, a hankali.

Mairama ta iso da amalanken shanu ta tarar ana shafa addu'a. Dattijon ya juyo wurinta. "Ke ba ki ce amin ba."

Ta sunkuya ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar mijinta.

"Na ji, Baba," ta ce. "Ku kama mini shi mu ɗora. Ba ya iya hawa da kansa."